DAGA WA KA ƊAUKA?

Duk lokacin da sakamakon jarrabawa ya fito bai yi kyau ba, ko aka kama wani yaro da kayan maye a bayan aji, ko wata yarinya ta ɗaga wa mahaifiyarta murya a gaban baƙi, akan ji magana iri uku a garuruwanmu. Iyaye su ce malaman yanzu ba abin da suka sani sai jiran ƙarshen wata. Malamai su ce ai tun daga gida aka kawo shi a karkace. Dattawa kuwa su girgiza kai su ce zamani ne. Kowa ya faɗi tasa, ya kakkaɓe riga ya tashi, shi kuwa yaron da ake maganar a kansa yana nan inda yake, ba wanda ya ce nawa ne.

Hasali ma dai Bahaushe da kansa bai tsaya a kan magana ɗaya ba game da wannan al'amari. Shi ne ya ce hali zanen dutse, ya ce ka haifi ɗa ba ka haifi halinsa ba, ya kuma ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. To amma shi ɗin ne dai ya juyo ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In har hali zane ne a kan dutse, me ya kai mu ga wahalar tanƙwarawa? In kuwa ana tanƙwarawa, me ya sa gidan malami kan fitar da ɗan iska, gidan mashayi kuma ya fitar da liman? Wannan tambaya ba ta wasa ba ce ga wanda ke tsayawa gaban allo kullum safiya, domin kuwa amsar da ya ba ta ita ke nuna ko aikinsa yana da amfani ko kuwa shan alli kawai yake yi.

A namu ganin, manomi ya riga ya raba wannan gardama tun tuni. Ya san ba a shuka gero a girbe dawa, amma wannan bai taɓa sa shi ya zuba iri ya koma gida ya kwanta ba. Allah ke halittar yaro da zafin rai ko sanyinsa, da kaifin ƙwaƙwalwa ko nauyinta, ba kuma mai iya sauya wannan. Sai dai zafin ran nan shi ne kan zama jarumtar faɗin gaskiya a hannun wani, ya zama tsiwa da rashin kunya a hannun wani. Saboda haka tambayar da ta fi dacewa mu yi ita ce, a hannun wa yaron yake? Mutanen wannan yanki namu kuwa ba sai sun je nesa neman amsa ba.

Duk wanda ya taso daga Sakkwato ya nufi Yabo da Shagari, ta ƙasar Boɗinga zai bi, kuma a nan Sifawa take. A Sifawa ne Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna tun daga wajen 1810 har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato, yana karantarwa yana rubuce-rubuce, ya bar wa ƙanensa Malam Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello sha'anin tafiyar da ƙasa. Shi kuma Malam Abdullahi ya yi zamansa a Boɗinga. A cikin waɗannan shekaru ne, a 1812, ya rubuta wani ɗan ƙaramin littafi mai suna Ida'un Nusukh. Ba littafin fiƙihu ba ne, ba na tafsiri ba. Mutum ne da ya haura shekara 40, ya ga yaƙi ya ga mulki, ya zauna ya jera sunayen malaman da ya yi karatu a wurinsu, da abin da ya ɗauka daga kowannensu.

Abin lura a cikin littafin shi ne inda jerin ya faro. Malaminsa na farko mahaifinsa ne, a wurinsa ya karanta Alƙur'ani. Da ya kai shekara 13 sai aka damƙa shi ga wansa Usmanu, wanda a lokacin saurayi ne ɗan kimanin shekara 25. A wurin wan nasa ya ɗauki Ishiriniya da Ahalari da Ishmawi da Risala da nahawu da tauhidi da tafsiri. Daga nan sai sauran malamai, da yawansu kawunnansa ne da baffanninsa, har zuwa kan Alhaji Muhammadu ɗan Raji wanda ya saurari Sahihul Buhari a wurinsa, da Malam Jibrilu ɗan Umar. Wato dai tun daga ranar da ya fara riƙe allo har ya zama marubucin tafsirin nan Liya'ut Ta'awili, ba wani lokaci da ba a san a hannun wa yake ba. Wannan ya miƙa wa wancan, wancan ya miƙa wa na gaba, kuma kowanne yana da suna.

Har yau a zaurukan ilimi irin tambayar da ake yi ke nan. Ba a cika tambayar almajiri wace makaranta ya yi ba, cewa ake yi, “A wurin wa ka ɗauki Risala?” Kalmar ɗauka ɗin nan tana da nauyi. Abin da ake ɗauka daga hannun mutum ya wuce abin da ke rubuce a cikin takarda. Almajiri na ganin yadda malaminsa ke zama, da yadda yake amsa sallamar talaka, da yadda yake cewa Allah ne mafi sani idan aka tambaye shi abin da bai bincika ba, da yadda yake haɗiye fushi idan wani ya kawo masa wargi. Ba darasin da aka ware wa waɗannan abubuwa, ba a kuma yin jarrabawarsu, amma su ne ke zama a jikin mutum bayan ya manta rabin abin da ya haddace.

To yanzu mai karatu ya ɗauko takardar shaidar gama sakandare ya duba. Zai ga sunan ɗalibi da lambarsa, da sunan makaranta, da darussa da sakamakon kowanne, da sa hannun wani jami'in hukumar jarrabawa wanda bai taɓa ganin yaron ba. Sunan malami ko ɗaya babu. Ba muna cewa a sake fasalin takardar ba ne, ita aikinta daban. Abin da muke nufi shi ne takardar tana faɗin gaskiyar yadda muka ɗauki tarbiyya a yau: abu ne da makaranta ke yi, ko gwamnati, ko al'umma. Waɗannan kuwa duk sunaye ne da ba a iya zuwa ƙofar gidansu a yi sallama a ce, “Malam, yaron nan naka ya kwana biyu bai zo ba, lafiya?”

Kada a ce wannan halin karatun zaure ne kawai, boko bai gaje shi ba. Garin Shagari ya fitar da shaida. An haifi Alhaji Shehu Usman Aliyu Shagari a 1925, mahaifinsa Magajin Shagari ya rasu yana ɗan kimanin shekara 5, wansa Bello ya gaji sarautar. Bayan ya fara karatun allo a gida sai aka kai shi wurin dangi a Yabo, inda ya yi elementare daga 1931 zuwa 1935. Daga nan sai Midil ta Sakkwato, sai Kwalejin Kaduna wadda ya gama a 1944. Maraya ne, amma a kowane zango akwai wanda aka damƙa shi gare shi. Da ya gama kuma sai ya juyo ya zama mai karɓar na wasu: ya koyar da kimiyya a Midil ɗin da ta yaye shi, ya yi hedimasta a Argungu, kafin siyasa ta ja shi zuwa majalisar wakilai a 1954. Bayan juyin mulkin 1966 da ya dawo gida, aikin da ya sa a gaba shi ne na asusun raya ilimi na lardin Sakkwato, aka yi ta tara gudummawar jama'a ana gina makarantu. Game da mulkinsa na 1979 zuwa 1983 kowa da ra'ayinsa, wannan kuma ba shi ne zancenmu ba. Amma har ya rasu a 2018 ba a cika samun mai musun cewa mutum ne mai haƙuri da sauƙin kai ba, irin wannan kuwa ba a kujerar mulki ake koyonsa ba.

Mun san akwai mai cewa, “Ai duk misalan nan naku na 'ya'yan gata ne. Malam Abdullahi ɗan gidan malamai ne, Shagari ɗan sarauta ne. Ina ɗan manomin Dingyaɗi ko ɗan makiyayin Kajiji a cikin wannan labari?” Wannan magana gaskiya ce, ba kuma za mu kauce mata ba. A zamanin elementaren Yabo yara ƙalilan ne ke shiga aji, shi ya sa malami ke iya sanin kowane ɗalibi har da sunan kakansa. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 shi ya buɗe ƙofa ga 'ya'yan talakawa, sannan aka zo da shirin ilimin bai-ɗaya wanda a nan Sakkwato aka ƙaddamar da shi a 1999. Da yawa daga cikin masu riƙe da alli a yau, da masu rubutu a wannan mujalla, ta wannan ƙofa suka shigo. Ba mai hankalin da zai so a mayar da ita a rufe.

Sai dai buɗe ƙofa daban, samun mai tarbar wanda ya shigo daban. Tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi malami 1 ga ɗalibai 40 a sakandare, duk wanda ya leƙa makarantun gwamnati kuwa ya san sau da yawa abin a takarda ya tsaya. A ƙaddara malami yana shiga aji 5, kowane aji da yara 60. Yara 300 ke nan, kuma minti 40 yake da shi a kowace shiga. Ko da ya raba mintocin nan daidai wa daida, bai yi koyarwa ba sam, kowane yaro bai samu minti 1 cikakke ba. A irin wannan hali wanda malami ke sani su ne na gaba masu ɗaga hannu da na baya masu tayar da fitina. Na tsakiya, yaron nan mai shiru wanda ba ya ci ba ya faɗuwa, yakan shekara 6 ya fita ba wanda ya taɓa kiran sunansa sai ranar kiran rajista. Su ne kuwa mafi yawa. Idan damina ta faɗi aka janye shi zuwa gona mako 3, ko aka ɗora wa ƙanwarsa tallar ranar kasuwa, ba wanda zai ga gurbinsu, don cunkoso ya riga ya cike shi.

Akwai wata suka ta biyu wadda ta fi ta farko zafi. Mai ita zai ce, “In dai damƙa yaro a hannun malami sananne shi ne magani, to ga almajirai nan. Kowannensu ubansa ne ya kama hannunsa ya kai shi, kowannensu ya san sunan malaminsa. Ga su nan a tashoshin mota da ƙoƙon bara.” Lalle wannan ta isa ta sa mutum ya yi shiru ya sake tunani. Amma a duba bambancin da kyau. Mahaifin Malam Abdullahi ya miƙa ɗansa ne ga wanda ya san ciki da wajensa, a inda yaron ke da ci da sha da wurin kwana, kuma labarinsa bai yanke wa gida ba. Wanda ya loda yaro ɗan shekara 7 a mota, ya haɗa shi da malamin da ke da wasu yara fiye da ƙarfinsa, ba guzuri ba aike, sai bayan shekara ko fiye ya tambayi lafiyarsa, wannan bai miƙa amana ba, sauke kaya ya yi. Mai miƙa amana yakan riƙe bakin igiyar a hannunsa. A 2012 gwamnatin tarayya ta buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, nan Sakkwato, aka kuma gina irinta a wasu jihohi. Niyya ce mai kyau, amma gini ba ya tambayar yaro ko ya karya kumallo.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, wannan sauke kaya ba a tsangaya kaɗai ake yin sa ba. Akwai ma'aikaci mai albashi, mai babbar riga, wanda in ka tare shi ka tambaye shi ajin da ɗansa yake sai ya kira uwar ɗakinsa a waya. Ya biya kuɗin makaranta, ya sayi littattafai, a ganinsa ya gama. Bambancinsa da uban almajiri shi ne nasa yaron yana kwana a gida. Ranar taron iyaye da malamai kujeru ne ke halarta. Amma ranar da aka ce yaron ya faɗi, ko aka ɗan hore shi, da sassafe za ka ga uban a ofishin shugaban makaranta yana huci.

Mafi muni a cikin wannan duka shi ne abin da kan faru idan jarrabawar ƙarshe ta ƙarato. Sanannen abu ne a ƙasar nan cewa akwai iyayen da ke cire 'ya'yansu su kai su inda za a biya kuɗi a rubuta musu amsa a allo. Uban da ya yi haka yana zaton taimakon ɗansa ya yi. Alhali kuwa a wannan rana ya koyar da shi darasi mafi ƙarfi da zai taɓa ɗauka a rayuwarsa, domin daga hannun mahaifinsa ya fito, kuma a aikace: cewa wahalar shekara 6 ta wawaye ce, abin da ake so ana sayensa ne. Yaron nan wata rana shi ne ma'aji, shi ne mai duba marasa lafiya, wataƙila ma shi ne malamin jikokinmu. Idan ya sayar da abin da aka ba shi amana za a taru a ce zamani ne, alhali in da zai rubuta nasa Ida'un Nusukh da gaskiya, ya san sunan da zai fara sawa.

Domin kuwa yaro ba ya zama ba malami. In gida bai riƙe shi ba, makaranta ba ta san shi ba, akwai masu jira. Da can majalisar bakin titi ce da gidan kallo. Yanzu kuma malamin yana cikin aljihunsa, yana magana da shi har tsakar dare ta TikTok da WhatsApp, ba ya gajiya, ba ya yajin aiki, ba kuma wanda ya san asalinsa balle a kai ƙararsa. Muna yawan cewa ɗa na kowa ne, kuma da can maganar tana da ma'ana, domin maƙwabci na iya tsawata wa ɗanka ka bi shi da godiya. Amma ta yi aiki ne saboda a bayan kowan nan akwai mutum ɗaya da aka san shi ne mai shi.

Ba za mu wuce ba mu taɓo iyaye mata ba, ko da a taƙaice. Shehu Usmanu a cikin Nurul Albab ya yi kakkausar suka ga malaman da ke karantar da almajiran waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta kafa tsarin 'yan taru, inda take naɗa jaji ta ba ta malfa, jajin ta riƙa jagorantar matan ƙauyensu zuwa ɗaukar karatu, su koma su koya wa na gida. A nan ma dai hannu da hannu ne, kowace mace ta san jajinta, kowace jaji ta san daga wa ta ɗauka. Yarinyar da aka cire daga aji yau don talla, ita ce malamar farko ta wasu yara nan da shekara kaɗan.

Gyaran albashi da gina azuzuwa da ɗaukar ƙarin malamai duk wajibi ne a kan hukuma, ba kuma za a daina faɗa ba. Amma akwai abin da ba ya jiran kasafin kuɗi. Shugaban makaranta na iya barin malamin aji ɗaya ya bi yaransa tun daga aji 1 har aji 3, maimakon a riƙa sauya musu hannu kowace shekara, don ya zamana akwai mutum guda da ya san wane ne maraya, wane ne ke zuwa da yunwa, wace ce ake shirin cirewa. Ana iya cewa ba a ba yaro katin sakamako sai waliyyinsa ya zo da ƙafarsa, ko da sau ɗaya ne a shekara. Uba kuma, ranar da zai sa ɗansa makaranta, ya kama hannunsa ya kai shi gaban malamin, su gaisa, su san juna, ya karɓi lambar wayarsa. Malamin da aka kalli idonsa aka ce masa ga amana, ba ya yin sakaci irin na wanda aka turo wa lamba a rajista. Bulalarsa ma takan ragu, domin ba a cika jibgar ɗan wanda ake gaisawa da shi ba.

Ku kuma 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, wannan zance ya shafe ku ta fuska biyu. Ta farko, duk wanda ya sa littafi a kasuwa ya shiga sahun waɗanda ake ɗauka daga gare su, ko ya so ko bai so ba, kuma shi sunansa na nan a bango. Ba banza ba Alhaji Abubakar Imam ya gina Magana Jari Ce a kan aku mai tsare ɗan sarki da labarai, daga baya kuma ya zaunar da nasa ɗan yana koya masa sana'ar magana. Ta biyu kuwa roƙo ne ga editocin wannan mujalla. A ware shafi ɗaya a kowace fitowa, wani daga cikin membobi ya rubuta labarin malami guda da ya ɗauka daga gare shi, na allo ne ko na boko, mace ko namiji: sunansa, garinsu, abin da ya koyar, da wata ɗabi'a tasa da ta zauna a jikin marubucin. A Yabo da Shagari da Sifawa da Dandin Mahe akwai tsofaffin malaman firamare da suka karɓi yaran 1976, wasunsu na nan da ransu suna zaune a ƙofar gida da rediyo. Da su ya kamata a fara, kuma a kai musu mujallar har gida idan ta fito.